Ranar da Na Hana Makullin Motar Gawa

Ku samarin da kuke zama a bencin mai shayi nan Akébé kuna nuna wa juna waya, na ji abin da kuka ce. Wai canza plaket ba sana'a ba ce, noti biyu ne, a zare tsoho a zura sabo, duk mai hannu zai yi a ƙofar gidansa kafin shayinsa ya huce. Ban musa muku ba. Ni ma a ƙofar gidajen mutane nake yi, ban taɓa mallakar gareji ba tun da na sauka a Libreville, kuma da wannan zarewa da zurawar na ciyar da iyali har na aurar. Sunana Isuhu, amma in kun tambayi Isuhu kawai ba wanda zai gane, sai kun ce Isuhu Birki. Plaket ɗin da kuke rainawa, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan ƙarafa ne biyu masu fuska kamar dutsen wasa wuƙa, su ke matse faifan da ke bayan taya in direba ya taka birki. Su ne suke tsayar da mota, ba addu'ar fasinja ba.

Akwai wata tasi da na yi wa aiki a Cocotiers, a harabar gidan mai ita. Ya riga ya sayo sababbin plaket, ya ajiye mini su a kan bonet, yana ta duba agogo. Na sa katako a bayan taya, na sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, na ɗaga ta da jak, na zura wani kututture a ƙarƙashinta don ba na yarda da jak shi kaɗai. Da na zaro tsofaffin plaket sai na ga na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa kamar jiya aka sa shi. Wayarku za ta ce ku jefar ku sa sabo. Ni abin da suka gaya mini daban ne: sandar da ƙarfen riƙon plaket ke zamewa a kanta ta ci tsatsa ta ƙage, gefe ɗaya ne kawai ke aiki. Garin nan iskarsa gishiri ce, ruwansa ba ya hutu, kuma rabin unguwanninsa kwari ne da mota ke iyo a ciki. Duk ƙarfen da ba a goge an shafa masa giris ba, tsatsa ce za ta gaje shi. Na cire sandar, na goge ta da burushin waya har ta yi haske, mai tasi yana ta tsaki yana cewa shi plaket kawai ya kira ni in canza. Na ce masa to ya canza da kansa, ga sufana. Bai karɓa ba.

Kayan aikina duka jaka ɗaya ce ta soja da nake ratayawa: jak, sufanoni, burushin waya, gwangwanin giris, gorar man birki, guntun tiyo, da wani makamin matsi da nake mayar da fistan ciki da shi, wato abin da mai ke turowa ya danna plaket. Sai katakai biyu da suka yi baƙi saboda tsufa. An sha yi mini dariyar katakan nan a cikin tasi. Wanda ya taɓa ganin mota ta zame daga kan jak a gangaren Akébé ba ya dariya.

Wanda ya koya mini aikin Oga Bitrus ne, mutumin Kafanchan, Kirista, Hausarsa ta fi ta wasu daga cikinmu Kanawa daɗi. Na zo garin nan ina saurayi da niyyar tallan agogo, tallan ya ƙi ni, shi ya ɗauke ni. Na daɗe a hannunsa ban taɓa plaket ba, daga sa katako sai wanke noti da kananzir. Ranar da ya fara barina in ɗaura da hannuna, na gama, na mayar da tayoyi, na sauke motar, ina ta jin kaina. Ya ce in shiga in taka birki. Na taka, fedar ta nutse har ƙasa kamar babu komai a ƙarƙashinta. Na zaci na ɓata motar mutane. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ci gaba da takawa. A hankali ta yi tauri. Fistan ɗin da na mayar ciki ne yake fitowa ya tarar da sabon plaket. Sannan ya zaro makullin motar daga aljihunsa ya kaɗa mini shi a fuska.

"Ka ga wannan, Isuhu? Tun kafin ka taɓa noti na farko yake aljihuna. Mota in tayoyinta huɗu suna ƙasa, kowa ya gan ta zai ce lafiyarta lau. Kai kaɗai ka san ba birki. Mai ita zai fito da gaggawa, ko matarsa, ko ɗansa, ya tayar kafin ka buɗe baki. Makulli ba ya barin jikinka sai ka taka, ka gwada, ka yarda. Ko gwamna ne ya tambaya, ka ce masa ya jira."

A gareji wannan magana ba ta da nauyi sosai, don mota tana hannunka a bayan ƙofa. A gidan mutane kuwa ita ce rabin sana'ar. Kai baƙo ne, motar tasu ce, harabar tasu ce, kuma kowa yana ganin yana da ikon tayarwa.

To, ga abin da ya sa nake ba ku wannan labari. Akwai wani babban gida a saman gangaren Akébé da mutanenmu suke taruwa, 'yan Kamaru ta arewa, 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya. Akwai ɗan masallaci a cikin harabar. Dattijon gidan Alhaji Hamadu ne, mutumin Garwa, ɗan kasuwar atamfa, wanda duk baƙon da ya sauka garin nan ba shi da masauki a wurinsa yake fara kwana. Ni ma na ci tuwonsa. Jama'a sun yi karo-karo sun sayi wata ƙaramar bas fara, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke kai mai naƙuda, ita ke ɗaukar gawa zuwa maƙabarta. Makullinta yana rataye a wata ƙusa a bakin ƙofar masallaci. Dokar da Alhaji ya kafa tun ranar farko ita ce ba mai kwana da shi a aljihu, ko shi kansa, don duk wanda larura ta kama ya ɗauka ba sai ya tashi kowa daga barci ko ya roƙi wani ba. Doka ce mai kyau. A ƙasar da ba taka ba, samun motar da za ta ɗauki mamacinka ba tare da ka yi ciniki a kansa ba babban abu ne. Ni nake duba birkinta, kyauta, kuma kullum makullin yana aljihuna in ina aiki, sai dai ba wanda ya taɓa lura saboda ina gamawa tun rana tana sama in mayar da shi ƙusarsa.

Wata Asabar ta damina na je canza mata plaket na gaba. Ina matsa fistan na ɓangaren direba sai na ji wani abu ya fesa mini a hannu. Tiyon da ke kawo man birki ne ya tsage, dama ya bushe ya yi zane-zane, matsin nan ya ƙarasa shi. Mai ya tsiyaye a ƙasa. Na zaga shagunan kayan mota har ƙafata ta gaji, ba irinsa, wani ya ce zai samo mini ranar Litinin. Ba na barin mota a kan jak a gidan da yara ke wasa, saboda haka na mayar da tayoyi, na sauke ta, na sa mata duwatsu. Na kira Sani, direban da ya fi kowa jan ta, mutumin Maraɗi, na sa shi ya taka fedar da ƙafarsa ya ji yadda take nutsewa. Ya ce ya gani. Na tafi gida Alibandeng da makulli a aljihuna.

Da safiyar Lahadi aka kira ni a waya, wai in zo maza da makulli. Malam Buba, ƙanen Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya daɗe yana jinya, ya cika. Ina isa na tarar da haraba cike, an yi wanka, an yi sutura, makara tana ajiye a inuwar masallaci. Idon kowa yana kan ƙusar da ba komai a jikinta, sannan ya dawo kaina. Na durƙusa na yi wa Alhaji gaisuwa. Ya amsa, idonsa ja, ya miƙo hannu yana neman makulli, wanda shi yake kira kile.

"Malam Isuhu, kawo kile."

"Alhaji, motar ba birki. Tiyo ya fashe jiya, Sani shaida ne."

Sani ya matso. Shi da ya taka fedar da ƙafarsa jiya, shi ne ya ce, "Alhaji, ina iya tahiya da ita. In sa ta giya ta ɗaya, in riƙe birkin hannu, a hankali a hankali. Na yi haka da babbar mota ma a hanyar Dakoro."

Kun ji dalilin da ya sa gaya wa mutum ba ya isa. Sani ba wawa ba ne, direba ne na gaske, amma yana kallon dattijon da ya rasa ƙane, yana son ya share masa hawaye. Na ce, "Sani, hanyar Dakoro shimfiɗaɗɗiya ce. Nan daga ƙofar gidan nan har karfur, mararrabar can ƙasa, gangare ne, jiƙaƙƙe, kuma a ƙasansa mata ne zaune da kaskon kifi da 'ya'yansu. Motar za ta cika da mutane. Birkin hannun nan ni na san shi, ko ita kaɗai ba ya riƙe ta sai da dutse." Na juya ga Alhaji na ce ya ba ni zuwa la'asar, Oga Bitrus yana da wata matacciyar bas a bayan gidansa, in ya fito daga coci zan ciro tiyonta in gwada.

"Gawa za ta jira a tashi daga coci?" in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Motar nan ta jama'a ce, ba taka ba. Ban tambaye ka shawara ba. Kawo kile."

"Ba zan bayar ba, Alhaji."

Harabar ta ɓarke da hayaniya. Wani ya ce ba ni da kunya, wani ya ce dama Bakano bai san girman kowa ba. Wani ƙato ya kama mini gaban riga ya kai hannu aljihuna. Na riga shi, na dunƙule makullin a tafina, na ce sai dai ya karya yatsun. Da an bar shi da ya karya ɗin, don ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Alhaji ne ya ce a sake ni. Ya dube ni sau ɗaya, ya juya baya.

Aka bazama neman mota ranar Lahadi. Masu tasi ba sa ɗaukar gawa. Da ƙyar aka samu wata a-kori-kura ta wani mai sayar da ayaba, bayanta a buɗe, ɓawon ayaba da laka a ciki, aka share aka shimfiɗa tabarma. Ba su kai rabin hanya ba sama ta ɓalle da irin ruwan garin nan. Ina bayansu a tasi, ina gani. Alhaji Hamadu, da girmansa da furfurarsa, yana tsugune a bayan motar ayaba yana riƙe da gefen tamfol a kan ƙanensa, iska tana fizgewa. Da aka sauke makara likkafanin ya jiƙe sharkaf ya manne a jikin mamacin. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Na tsaya a sahun baya, ba wanda ya matsa mini wuri.

Ranar Litinin na sa sabon tiyo, na fitar da iska daga cikin man, na ɗaura plaket, na gwada ta a gangaren, na rataye makulli a ƙusarsa. Daga ranar aka ɗauke mini ƙafa. Ba wanda ya yi shela, amma wayata ta daina ƙara. 'Yan kasuwar da nake bi gida-gida ina duba musu motoci, kowa ya samu wani. In na yi sallama a amsa, don dole ce, daga nan sai kowa ya dubi gefe. Matata ta je suna aka bar ta ita kaɗai a tabarma. Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Na koma bakin titi kamar sabon shiga, ina jiran tasin da Oga Bitrus zai turo mini in aiki ya yi masa yawa. Babban jak ɗina mai mai, wanda na fi so a duk kayana, na rabu da shi a shekarar, na koma amfani da ɗan ƙaramin da ake juyawa da hannu. Bitrus bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ci abinci?" sai ya turo mini kwanonsa.

Liman ya same ni bayan wata sallar Juma'a, mutumin kirki, yana son sulhu. Ya ce in je in ce wa Alhaji na yi kuskure, in yi alkawarin ba zan sake raba makulli da ƙusa ba, magana ta wuce. Na ce, "Allah gafarta Malam, zan je." Na je kuwa. Na zauna a ƙasa a gaban Alhaji a shagonsa, na ce ruwan da ya daki Malam Buba ya dame ni, ina neman afuwa a kan wannan baƙin ciki da ya same shi ta dalilina. Ya ce, "Da kile fa?" Na ce, "Wannan kam, Alhaji, in aka sake zan sake." Ya ɗauki carbinsa ya kira yaron shago ya sauko masa da wata atamfa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce bayan sun kore ni wani ya gyara motar ba daidai ba, ta ƙwace ta faɗa kwari, kowa ya zo yana ba ni haƙuri. Ba abin da ya faru. Wani ɗan Benin ya ci gaba da duba ta, kuma ya iya aikinsa. Motar ta yi ta kai marasa lafiya tana dawowa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce Isuhu kai ne da gaskiya, kuma ba yadda zan nuna muku matan karfur ɗin nan in ce ga waɗanda na tsirar, don su kansu ba su san an yi ba. Haka aikin birki yake, in ka yi shi daidai ba abin da za a gani. Sannu a hankali aiki ya dawo mini ta wasu ƙofofin, Gabonawa da 'yan Mali da masu tasi, har wasu daga cikin mutanenmu suka riƙa kirana a ɓoye, su ce in zo ta ƙofar baya.

Shekaru suka wuce, ni ma na yi furfura. Wata safiya Umaru, babban ɗan Alhaji, ya tsaya a ƙofar gidana. Alhaji ya rasu. Za a kai shi bayan azahar, motar kuma tana ƙara ƙarfe da ƙarfe tun makon da ya wuce, ɗan Benin ya tafi garinsu. Bai yi mini daɗin baki ba, ya ce, "Baba Isuhu, ba mu samu kowa ba." Na ɗauki jakata.

Harabar ta cika fiye da wancan karon. Na ratsa mutane ban tsaya wurin motar ba, na wuce kai tsaye bakin masallaci, na cire makullin daga ƙusa kowa yana kallo, na jefa shi aljihu. Wani tsoho ya ce, "A'a, yau ma?" Na ce, "Yau ma." Umaru ya sunkuyar da kai.

Na sa katako, na ɗaga ta. Plaket sun cinye har sun fara zana faifan. Na goge faifan da takardar yashi, na wanke sanduna na shafa musu giris, na mayar da fistan a hankali ina kallon tiyo, na ɗaura sababbi. Aka kira azahar ina gefe na biyu. Aka idar, aka fito da makara, aka jera sahu don yi masa salla, ni ina ɗaure notin taya. Na wanke hannu na riski sahun ƙarshe da baƙin mai a farcena. Da aka ce a sa shi a mota na ce a dakata. Na shiga, na taka feda har ta yi tauri, na fita da motar ni kaɗai na gangara har karfur ina takawa ina saki don sababbin plaket su zauna, na hawo, ban gamsu ba na sake gangarawa. Ina jin gunaguni ta taga, rana tana dukan mutane, gawar babban mutum tana jiran makanike. Na bar su suka yi ta yi. Da na yarda da ita na tsaya, na buɗe ƙofar baya da kaina. Sani ya tsufa, idonsa ya yi rauni, saboda haka ni na ja. Na sauko da Alhaji Hamadu gangaren nan, makararsa ko motsi ba ta yi ba.

A bakin kabari, bayan an mayar da ƙasa, liman ya ce duk wanda ke da wani abu tsakaninsa da mamaci ya yafe masa. Na ɗaga murya na ce na yafe, duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa, don mutumin nan ya ciyar da ni lokacin da ba ni da kowa. Sani yana gefena, ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya ce a hankali, "Kai ma ka roƙi tashi gafara, Isuhu. Ka ce ka yi kuskure, ko yanzu. Ba ya da wuya."

Na dubi sabuwar ƙasar. Na ce, "Na roƙe shi gafarar ruwan da ya jiƙa ƙanensa tun yana da rai, ina kuma sake roƙo. Makulli kuwa, Sani, ko yanzu ya tashi ya miƙo hannu, motar ba birki, ba zan ba shi ba."